Linux Mint kusa da Windows a kwamfuta ɗaya: abin da na gani bayan wata shida

Tun da na sa Linux Mint 22, wani nau'in Linux, wato tsarin da ke tafiyar da kwamfuta kamar yadda Windows ke yi, a laftof ɗina kusa da Windows 11 mutane ke ta tambayata, wai ya abin yake, yana cinye wa mutum fayiloli ko ba ya ci, wai in an sa shi Windows ɗin ya tafi kenan, wai sai mutum ya iya kodin. To yau dai na zauna na rubuta abin gaba ɗaya, duk wanda ya sake tambayata sai na ce masa bismillah ga shi nan karanta. Wata shida kenan ina amfani da su biyun a na'ura guda, in na kunna ta sai ta tambaye ni wanne nake so na shiga, na zaɓa, shi kenan. Kuma tun daga farko bari na faɗi abin da na fi ganewa a wannan harka: shi sa Mint ɗin kansa ba wani aiki ba ne, minti ashirin bai cika ba aka gama, inda gumi yake shi ne shirya ɓangaren Windows kafin ma ka soka filashi. Duk wanda ka ji yana kuka da wannan haɗin, in ka bi diddigi yawanci a nan ya yi tuntuɓe, ni ma a nan na yi nawa.

Laftof ɗin ba wata ta kece raini ba ce, RAM giga 8, SSD giga 512. Dalilina kuwa ina koyon aikin saba (server) ne da ɗan rubuta manhaja, kuma kusan duk darasin da ka buɗe a Linux ake yi. Da farko VirtualBox na gwada, wato ka kunna Linux a cikin taga kamar wata manhaja yayin da Windows ke ci gaba da aiki a ƙarƙashi. Yana yi fa, ba ƙarya, amma giga 8 ɗin nan in ka raba biyu kowa sai ya tashi da yunwa, fanka ta dinga ihu, ka danna abu ka jira. Na kuma taɓa WSL, wato hanyar kunna Linux a cikin Windows, shi ma yana da kyau ƙwarai ga wanda tamina, tagar da ake rubuta umarni, kawai yake buƙata, amma ni ina so na ga yadda tsarin yake gaba ɗayansa a kan ƙarfen na'urar. Share Windows kuma ba zai yiwu ba saboda akwai fayilolin Excel na aiki masu makro a ciki, wato ƙananan umarnin da ke yin aiki da kansu, waɗanda ba na wasa da su. Shi ya sa na ce to a raba gida, kowa da ɗakinsa.

Me ya sa Mint ba wani ba? Gaskiya saboda kama da ya yi da abin da ido ya saba. Nau'in Cinnamon na ɗauka, menu yana ƙasa ta hagu, agogo ta dama, foldoji kamar yadda ka sani, wanda ya taso da Windows 7 zai ji kamar ya dawo tsohuwar unguwarsa. Akwai kuma na MATE da na Xfce ga masu tsofaffin na'urori. Clément Lefèbvre ne ya fara Mint a 2006, kuma wannan na 22 ɗin da suka sa wa suna Wilma ya fito a watan Yulin 2024, an gina shi a kan wani nau'in Linux mai suna Ubuntu 24.04, za a ci gaba da ba shi sabuntawar tsaro har 2029. Wannan batun na 2029 ba ƙaramin abu ba ne, musamman ga masu Windows 10 da tallafinsa ya ƙare ranar 14 ga Oktoban 2025 alhali na'urarsu ba ta da TPM 2.0, ɗan guntun tsaron cikin na'ura da Windows 11 ke nema. Su masu Mint sun ce RAM giga 2 da fili giga 20 sun isa a sa shi, amma su da kansu sun ba da shawarar giga 4 da fili giga 100, kuma ni dai na ce a bi shawarar, kar a bi mafi ƙarancin.

Sauke shi ba wahala, fayil ɗaya ne na ISO kusan giga 3. Abin da mutane ke tsallakewa shi ne duba lambar SHA256 ɗinsa, wato ka gwada lambar da ke shafinsu da wadda fayil ɗinka ya bayar, in sun zo ɗaya to ya sauka lafiya bai gutsure a hanya ba. Minti biyu ne, amma in ka ƙi yi sannan intanet ta yi maka tsiya a tsakiya, sai ka ga sakawa ta tsaya a rabi kana ta zagin wanda bai ji ba bai gani ba. Daga nan sai filashi, giga 8 ta isa, amma ka sani duk abin da ke cikinta zai tafi. Ba kwafe fayil ɗin ake yi a jefa ciki ba, sai da manhajar da za ta rubuta shi yadda kwamfuta za ta iya tashi daga kai. Akwai Rufus, akwai balenaEtcher, ni Ventoy na yi amfani da shi kuma wallahi ya burge ni, sau ɗaya ake sa shi a filashi, bayan nan sai ka dinga zuba fayilolin ISO kamar kana zuba hotuna, ko biyar ne, in ka tashi daga filashin ya jero maka su ka zaɓa. Yanzu haka filashina tana ɗauke da Mint da kuma na gyaran Windows a tare.

To ga inda na yi wautata, kuma laifina ne ni kaɗai ba na kowa ba. Na karanta wani wuri cewa a kashe Secure Boot, wato tsaron da ke hana kwamfuta tashi da manhajar da ba ta da sa hannun da aka yarda da shi, kafin a sa Linux, ban tsaya na yi tunani ba na shiga setin na UEFI, wato setin na'urar da ake shiga kafin Windows ya tashi, na kashe shi, na gwada Mint daga filashi, ya yi kyau, na cire filashi na ce bari na koma Windows na rage fili. Sai ga wani shuɗin allo yana cewa na shigar da mabuɗin BitLocker, tsarin kulle faifai na Windows. Mabuɗin me? Ni ban taɓa sanin faifaina a kulle yake ba. Ashe na'urori da yawa na yanzu suna zuwa da wannan kullen a kunne, da zarar ka shiga da asusun Microsoft sai ya kulle faifan a ɓoye, mabuɗin yana cikin TPM, kuma TPM ɗin ba ya sakinsa sai ya ga hanyar tashin kwamfutar tana nan yadda ya san ta. Ka taɓa Secure Boot, hanya ta canza, sai ya riƙe mabuɗi ya ce kawo lambar ceto. Lamba 48 ce fa, gida takwas kowanne da lamba shida. Gabana ya faɗi ba kaɗan ba don akwai hotuna da takardun shekaru a ciki kuma ban yi ajiyar kwafi ba, wai ni gwaji kawai zan yi. Allah ya taimake ni lambar tana cikin asusuna na Microsoft, na buɗe a waya na dinga kwafowa ɗaya bayan ɗaya hannu na rawa. Da ace na manta kalmar sirrin asusun nan, da yanzu wani labarin ake.

Abin haushin ma, kashe Secure Boot ɗin bai zama dole ba. Mint 22 yana tashi da shi a kunne, saboda yana amfani da wata 'yar manhaja mai suna shim wadda ke ɗauke da sa hannun Microsoft. Sai na mayar da shi yadda yake. Don haka kafin ka taɓa komai, ka fara kwafe kayanka zuwa wani faifai na waje, ka nemo lambar nan 48 ka rubuta a takarda, takarda ta gaske ba fayil a cikin kwamfutar da za ta kulle ba, sannan ka yanke shawara kan kullen. Ni kashe shi na yi gaba ɗaya, na jira ya gama buɗe faifan, don mai saka Mint ba zai iya taɓa ɓangaren da ke kulle ba, kuma ko an saka, shiga Windows ta menun Linux na iya sa ya dinga tambayar lambar. Amma a sani wannan ciniki ne, in an kashe kulle kuma aka sace laftof, ɓarawo zai iya karanta abin da ke ciki. Tawa ba ta fita daga gida shi ya sa na yarda, wanda ke yawo da tasa ya yi tunani sau biyu.

Abu na biyu shi ne Fast Startup, wanda ya zo tun Windows 8. Mutane da yawa ba su san cewa in sun kashe kwamfuta ba mutuwa take yi gaba ɗaya ba, wani rabin barci take yi, ta ajiye halin da take ciki a faifai don gobe ta tashi da sauri. Ga mai Windows kaɗai wannan alheri ne. Amma in Linux ya zo ya tarar da faifan a haka, zai ga alamar cewa mai ɗaki bai fita ba, sai ya buɗe maka shi don kallo kawai ba rubutu, kuma daidai ya yi, don in ya rubuta ana iya lalata fayiloli. Ana kashe shi a Control Panel wajen Power Options, ko kuma ka buɗe tamina a matsayin admin ka rubuta powercfg /h off, wannan zai tafi da shi har da babban fayil ɗin barcin da ke cin giga da yawa.

Sai rage fili. Mai saka Mint zai iya yi maka da kansa, yana da wani abin ja hagu da dama, amma ni na fi yarda Windows ya yanka nasa da hannunsa. Ka buɗe Disk Management, ka danna dama a kan C, ka zaɓi Shrink Volume. Kar ka yi mamaki in ka ga giga 512 ɗinka ta koma kamar 476, ba sata aka yi maka ba, bambancin lissafi ne tsakanin masu ƙirga dubu da masu ƙirga 1024. A megabayit yake tambaya, ni giga 150 nake so sai na rubuta 153600. Wani lokaci zai ƙi ba ka yawan da kake so ko da fili na nan fal, saboda akwai fayilolin da ba ya iya matsarwa sun zauna can ƙarshen faifai, a nan kashe barcin nan da na faɗa yake taimakawa. In ya gama za ka ga wani baƙin yanki babu suna, ka bar shi haka, kar ka yi masa fomat, kar ka ba shi harafi. Wannan shi ne filin Mint.

Akwai wasu ramuka biyu da ni ban faɗa ba amma ya kamata a sani. Na farko, dole su biyun su kasance a tsari ɗaya, in Windows a UEFI yake to filashin ma a UEFI za ka tashe ta, ba a tsohon tsarin BIOS ba. A menun tashi, wanda ake samu da F12 ko F9 ko Esc gwargwadon ƙirar na'ura, wani lokaci filashi ɗaya takan fito sau biyu, ka ɗauki wadda aka rubuta UEFI a gabanta. In ka kuskure, za a saka lafiya amma su biyun ba za su ga juna ba. Masu faifai na tsohon tsarin rabo mai suna MBR kuma su tuna manyan ɓangarori huɗu kawai yake ɗauka, kuma sau da yawa an riga an cinye huɗun tun daga kamfani, sabon tsarin GPT ba shi da wannan matsin. Na biyu shi ne Intel RST, wani yanayin sarrafa faifai ne, wasu laftof suna zuwa da faifai a wannan yanayin, sai mai sakawa ya ce a kashe shi ko ya yi kamar babu faifai sam. Maganin shi ne a mayar da shi yanayin AHCI a setin na UEFI, amma ba da ka ake yi ba, in ka canza kai tsaye Windows zai ƙi tashi, sai an fara sa shi ya shiga Safe Mode sannan a canza, ya tashi sau ɗaya a haka ya ɗauki direban da ya dace, wato manhajar da ke sarrafa faifan, sannan a dawo da shi daidai.

Yanzu ga shi kansa Mint ɗin. Abin da na fi so, kafin ka saka komai yana buɗe maka cikakken tsarin daga filashi, ka gwada wayfai, sauti, kyamara, madannan ƙara haske, ka shiga intanet da Firefox, duk ba a taɓa faifanka ba. Gani ya kori ji. In wayfai bai yi a nan ba to ka san akwai aiki a gaba, gara ka nemo maganinsa tun Windows na hannunka. Nawa komai ya yi in ban da abin karanta zanen yatsa, wanda dama ban damu da shi ba. Sai ka danna alamar sakawa da ke kan allo, ya tambaye ka harshe, kibod, ko kana son kodek, wato manhajojin kunna bidiyo da sauti, ka ce eh. In Secure Boot na kunne a nan zai ce ka ƙirƙiri wata kalmar sirri ta wucin gadi, ka riƙe ta, za ta yi amfani nan gaba kaɗan.

Sai shafin da ya fi kowanne muhimmanci, inda ake tambayar yadda za a saka. Zaɓi na farko shi ne a saka kusa da Windows Boot Manager, shi kake so. Na biyu yana cewa a goge faifai a saka Mint, kuma yana nufin abin da ya faɗa, duka faifan, har Windows har hotunan auren yayarka. Suna kusa da juna ƙwarai, layi ɗaya ne tsakaninsu, ni dai da za a ji tawa da an nesanta su ko an sa wa na gogewar ja mai ƙarfi. In ba ka ga zaɓi na farkon ba, ka tsaya, kar ka ce bari na gwada na biyun na gani, rashin fitowarsa alama ce cewa ɗaya daga cikin abubuwan da na lissafa a sama bai yi daidai ba. Na uku na masu son raba faifai da hannu ne, a can babu C babu D, sai sunaye irin su nvme0n1p3, in ba ka san wanne ne wanne ba ka duba girmansu ka gane, ko kuma ka bar shi kawai. Ni na farkon na ɗauka, ya ga baƙin filin da na tanada ya zauna a ciki, ya nuna min abin da zai rubuta, na karanta sau biyu na amince. Na zaɓi yankin lokaci, na sa suna da kalmar sirri, kafin na gama amsa saƙonnin waya ya ce an gama, cire filashi ka danna Enter.

Da ta sake tashi wani shuɗin allo ya fito, zuciyata ta ce ga ta nan kuma, ashe na rajistar mabuɗi ne da ake kira MOK. Ka zaɓi Enroll MOK, ka ci gaba, ka sa kalmar sirrin nan ta ɗazu, sau ɗaya ake yi. Allon ba ya wani bayani mai gamsarwa, kuma in ka bar shi ya wuce wasu direbobi kamar na katin NVIDIA na iya ƙin aiki daga baya, a nan kam na rage musu maki. Bayan shi sai GRUB, wato menun zaɓi, baƙin allo da farin rubutu, Mint a sama, Windows Boot Manager a ƙasa, yana ƙirga sakan 10 in ba ka taɓa komai ba ya shige Mint. Ba shi da kyan gani ko kaɗan amma bai taɓa ba ni kunya ba. Na gyara shi ya dinga tuna wanda na shiga na ƙarshe, layi biyu ne a fayil ɗin /etc/default/grub, GRUB_DEFAULT=saved da GRUB_SAVEDEFAULT=true, sai sudo update-grub. Amfaninsa shi ne in Windows na sabuntawa yana ta sake kunna kansa, ba zai dinga faɗawa Mint ba kana can kana wani abu. Wani abin da zai iya rikita sabon shiga, a setin na UEFI ba za ka ga sunan Mint ba, ubuntu za ka gani, shi ne dai, kar ka goge shi.

Ɗan hakin da ka raina, agogo. Kwana biyu ina lura in na fito daga Mint na shiga Windows sai lokaci ya goce, har na fara zargin batirin agogon na'urar. Ashe al'adarsu ce ta bambanta, Linux yana ajiye agogon cikin na'ura a lokacin UTC, wato lokacin duniya na bai ɗaya, sannan ya yi lissafin yankinka a kai, Windows kuma yana ɗauka abin da ke agogon shi ne lokacin garinku kai tsaye, sai kowa ya shigo ya gyara yadda ya fahimta. Gocewar daidai take da tazarar yankinka da UTC. Umarni ɗaya ya kashe maganar, timedatectl set-local-rtc 1, zai yi ɗan gargaɗi amma yana aiki, ko kuma a gyara ta ɓangaren Windows a rajista a sa shi ya bi UTC. Bulutut ma haka, in ka haɗa abin kunne a ɗaya sai ya ƙi ɗayan, saboda shi abin kunnen na'ura ɗaya yake gani amma mabuɗin haɗi biyu ne. Akwai hanyar kwafe mabuɗin amma ta yi min tsawo, na haƙura na bar shi a Mint kawai.

Wajen fayiloli, Mint yana buɗe ɓangaren Windows mai tsarin ajiya na NTFS ba tare da an roƙe shi ba, ka kwafa ka ajiye. Windows kuwa ba ya karanta ext4, tsarin ajiyar Mint, da kansa, ko a jerin faifai na Explorer ba ya nuna shi. Ma'ana in ka yi aiki a Mint ka ajiye a can, ka koma Windows kana nema, sai ka sake kunna kwamfuta. Sau uku wannan ya same ni kafin na yi hankali na yanki wani ɓangare na uku giga 60 a NTFS na kira shi Tsakiya, duk abin da zan buƙata ta kowane gefe can nake jefa shi. Da zan sake daga farko da tun ranar farko zan yi wannan.

A amfanin yau da kullum ba ni da ƙorafi mai yawa. Yana tashi da sauri, RAM ɗin da yake ci in ba a buɗe komai ba kaɗan ne, fanka ta yi shiru. Update Manager ɗinsa ba ya matsa maka, zai nuna 'yar alama a ƙasa, ka sabunta lokacin da ka ga dama kana ci gaba da aikinka. Driver Manager ya nemo abin da ya dace da kansa. Firinta kuwa ina soka ta ya gane ta, ban sauke komai ba, abin har ya ba ni dariya. Timeshift shi ne gwanina, yana ɗaukar hoton tsarin yadda yake, in ka yi ɓarna ka koma baya, kuma na yi ɓarnar, wata rana ina bin wani darasi na cire abin da bai kamata ba allo ya ƙi fitowa, minti goma na dawo daidai. Amma a kula, tsarin yake ajiyewa ba takardunka ba, kuma yana cin fili, in giga 40 kawai ka ba Mint zai cika maka shi ba ka ankara ba. LibreOffice yana zuwa a ciki, don wasiƙa da lissafi na gida ya wadatar, amma fayil mai makro ko mai ado da yawa na Word yakan ɗan karkace. Microsoft Office na kan kwamfuta da Photoshop ba sa hawa kai tsaye, wannan a sani tun wuri. Masu gem kuma, da yawa na Steam suna yi ta hanyar Proton, manhajar da ke kunna gem ɗin Windows a Linux, amma wasu na intanet masu tsaron hana maguɗi ba sa yarda, to dama irin wannan ne ya sa aka bar Windows a gefe. Batir a wajena ya ɗan fi daɗewa a Windows, ba da yawa ba amma ana ganewa.

Tambayar da aka fi yi min ita ce ko sabuntawa na iya rusa haɗin. Tana iya taɓa shi, eh. Su biyun suna ajiye kayan tashinsu a ƙaramin ɓangare ɗaya na EFI, wanda sau da yawa mega 100 ne kacal, kuma babbar sabuntawa ko ta firmwaya, wato UEFI ɗin kansa, kan iya mayar da Windows saman jeri sai ka ga menu ya ɓace. Ba gogewa aka yi ba, ka shiga setin ka dawo da ubuntu sama. A watan Agustan 2024 an yi wata ta gaske, wata sabuntawar tsaro ta Windows da ta shafi SBAT, tsarin toshe tsofaffin manhajojin tashi, ta hana Linux tashi a na'urorin wasu masu haɗin biyu da Secure Boot a kunne, musamman masu tsohon shim. Ni lokacin ban ma fara ba, kuma cikin wata shidan nan ko sau ɗaya menu bai ɓace min ba. Duk da haka filashin tana nan a aljihun tebur ban goge ta ba, don a cikinta akwai Boot Repair na gyaran menun tashi da GParted na raba faifai. Wanda kuma yake da kwamfutar tebur mai wurin faifai biyu, ya ba kowa nasa faifan ya huta, sai dai ya cire na Windows lokacin sakawa, don an san mai sakawar kan ajiye kayan tashi a ɓangaren EFI na farko da ya gani ko da wani ka nuna masa.

In maki ake so, Mint na ba shi 9 cikin 10, ɗayan na cire saboda allon MOK da kuma kusancin zaɓin gogewa da na kusa da Windows. Shi kuwa zaman biyun a faifai ɗaya 7 zan ba shi, ba don yana lalacewa ba, sai don sake kunnawa na da gajiyarwa fiye da yadda na zata. Kana tsakiyar abu a Mint da tagogi goma a buɗe, a turo maka fayil ɗin da sai Excel, dole ka rufe komai ka fita ka shiga ka dawo. Wanda burauza da kallon bidiyo kawai yake yi ba ya buƙatar wannan wahalar, ɗaya ya ishe shi ko wanne ne. Wanda yake da RAM giga 16 zuwa sama kuma ɗanɗanawa kawai yake so, VirtualBox ya fi masa sauƙi. Amma mai ƙaramar na'ura irin tawa da yake son koyon Linux da gaske kuma akwai manhaja ɗaya ko biyu da suka ɗaure shi a Windows, wannan ce hanyarsa.

Yanzu sai na yi sati biyu ban leƙa Windows ba, kuma duk ranar da na leƙa sai na tarar da sabuntawa ta taru tana jirana, aikin minti biyar ya koma na rabin awa, har na sa wa kaina ranar Asabar da safe na dinga shiga yana sabuntawa ina wani abin. Giga 150 ɗin da na ba Mint kuma saura 30, jiya na buɗe Disk Management ina kallon C ina lissafin nawa zan ƙara yankowa, sai na tuna faifan ajiyar kwafina yana wajen ƙanina, na rufe na bari sai ya dawo da shi.